Abubakar, Garba, Habu, Bukar, Buba: wai duk suna ɗaya ne?

Ɗan_Kurmi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata gardama ce ta kaure a majalisarmu, na ce bari in kawo ta gaban masana. Wani matashi da ke karatun Larabci ya ce wai Abubakar ba sunan yanka ba ne a asali, alkunya ce, kuma ma'anarsa "uban raƙumi". Bai tsaya nan ba, ya ce Garba da Habu da Bukar duk ɓata suna ne, bai dace a kira mai sunan Sahabi da su ba. Ya ƙara da cewa ko yadda muke furta sunan ma ba daidai ba ne. To mu dai mun tashi mun ga Garba shi ne Abubakar, ba mu taɓa tambaya ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Bakatsine77:
Uban raƙumi kuma? To Allah ya kyauta. Rabin unguwarmu ashe Buzaye ne ba mu sani ba.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ni ma na taɓa jin maganar raƙumin nan, amma ban yarda ba. Bari mu jira malamai.

Malam_NaZaure:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaron ya faɗi gaskiya a wani ɓangare, ya yi azarɓaɓi a wani.

Kalmomi biyu ne: Abu, wato uba ko ma'abocin abu, da Bakr. A Larabci bakr shi ne saurayin raƙumi, wanda ya tasa amma bai kai amale ba. Macen ita ce bakra. Kalmar ta zo a hadisin Abu Rafi'i da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ranci bakr a wurin wani mutum, da aka tashi biya ya sa aka ba shi raƙumin da ya fi nasa girma da kyau. Larabawa kuma suna sa wa ɗa namiji suna Bakr tun kafin Musulunci. Akwai babbar ƙabilar Bakr bin Wa'il, har garin Diyarbakir na ƙasar Turkiyya daga sunanta ya samo nasa.

Shi kuwa Sayyidina Abubakar (RA), sunansa na yanka Abdullahi, mahaifinsa Usman wanda aka fi sani da Abu Ƙuhafa, daga Banu Taim na Ƙuraishawa. Abubakar alkunyarsa ce, ita ce ta rinjayi sunan har aka manta da Abdullahin. Amma mai sa wa ɗansa Abubakar ba raƙumi yake nufi ba. Mutumin yake nufi: abokin Annabi a kogon Sauru lokacin hijira, wanda Alƙur'ani ya kira na biyun mutum biyu a Suratut Tauba aya ta 40, halifa na farko daga shekara ta 11 zuwa ta 13 bayan hijira.

Saminu_Mai_Shayi:
Allah gafarta Malam, ni na ɗauka yana da ɗa mai suna Bakar ne, kamar yadda ake cewa Abu Fulan.

Malam_NaZaure:
A'a Malam Saminu. 'Ya'yansa maza uku ne, Abdullahi da Abdurrahman da Muhammad. Mata kuma Asma'u da Nana A'isha da Ummu Kulsum. Babu Bakr a ciki. Ba kowace alkunya ce ke bin sunan ɗa ba. Abu Huraira ai 'yar kyanwa ce ta jawo masa, Sayyidina Ali kuma Annabi ya kira shi Abu Turab da ya same shi kwance ƙasa ta ɓata masa jiki.

Ummu_Hanan:
To Malam, a Islamiyyarmu an ce mana ma'anarsa "uban budurwa", saboda Nana A'isha ce kaɗai budurwa cikin matan Annabi. Wannan fa?

Ɗalibin_Nahawu:
@Ummu_Hanan Hajiya, wannan fassarar tana yawo sosai, amma wasali ya kayar da ita. Budurwa bikr ce, da kasra. Raƙumin kuwa bakr ne, da fataha. Da budurwa ake nufi da Abu Bikr za a ce, kuma ba wanda ya ruwaito haka. Sannan a kula, akwai wani Sahabi daban mai suna Abu Bakra, Nufai'u ɗan Haris. Shi kuma ƙarfen nan mai juyawa da ake rataya igiyar guga a bakin rijiya, wanda shi ma bakra ake ce masa da Larabci, shi ne ya ba shi sunan, don da shi ya sauko daga ganuwar Ɗa'ifa ya zo wurin Annabi. Mutane kan haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne.

Bakatsine77:
Kun bar mana Garba a baya. Ta yaya Abubakar ya zama Garba? Habu na gane, Bukar na gane, amma Garba ko harafin farko ba su haɗa ba.

Inna_Ta_Zazzau:
Ku yaran zamani kun cika neman harafi. Sanda da Umaru wane harafi suka haɗa? Maitama da Yusufu fa? Shehu da Usmanu? Inkiya ce, kowane babban suna da tasa. Ba a yi ta don ɓata suna ba, don kare shi aka yi.

Bari in faɗa muku yadda abin yake a gidan Bahaushe. Idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, uwar yaron ba ta isa ta buɗe baki ta kira sunan surukinta ba. Ko uban ma nauyin sunan mahaifinsa yake ji. Ɗan fari kuwa ko sunan wa ya ci, uwa ba ta faɗa. To yaro ba zai zauna babu abin kira ba, sai a nemo wani. Wani a ce Abba, wani Baba, wani Baffa, wani Garba. Ni mai gidana, Allah ya jiƙansa, Abubakar ne, har ya koma ga Allah ban taɓa faɗar sunan a gabansa ba, Malam nake cewa. Jikana da ya ci sunansa Mai Gida nake ce masa. Ga kuma wani abu: yaro ba ya rabuwa da ɓarna, dole a daka masa tsawa, wani lokacin har da baƙar magana. Ya fi sauƙi a baki a ce "kai Habu, don gidanku" da a haɗa cikakken sunan Sahabi da irin wannan.

Ummu_Hanan:
Inna kin gama magana wallahi. Allah ya ƙara girma.

Abu_Sumayya:
Da girmamawa ga Inna, amma al'ada ba hujja ba ce. Annabi ya canza wa mutane sunaye marasa kyau. Garba ba shi da wata ma'ana a Larabci, don me za a bar suna mai daraja a kama wanda ba shi da tushe? A kira yaro da sunan da aka yanka masa rago.

Malam_NaZaure:
@Abu_Sumayya Ustaz, sunayen da aka canza masu mummunar ma'ana ne, kamar Asiya mai harafin sadi, wato mai saɓo, wadda aka mayar Jamila. Mece ce mummunar ma'anar Garba? Kuma taƙaita suna don ƙauna ya tabbata, an ruwaito yana kiran Nana A'isha da "Ya A'ish". Ba sharaɗi ba ne sai abin da ake kiran mutum ya zama Larabci.

Abu_Sumayya:
A'ish ai daga A'isha aka gutsuro. Garba daga ina aka gutsuro shi? Nan ne maganata take.

Ɗalibin_Nahawu:
Bari in sa baki a kan Habu, don shi akwai dalili a fili. A Hausa Abu sunan mace ne, taƙaicin Zainabu. Idan ka shiga gida ka ce "ina Abu?" mace za a turo maka. Shi ya sa na namiji ya tsaya da h ɗinsa, Habu.  Sai dai yanzu na ga samari na rubuta Abu a Facebook suna nufin Abubakar, ga kuma ustazai irin ɗan'uwanmu na sama da nasu Abu ɗin na alkunya.

Saminu_Mai_Shayi:
Wato Ustaz da ya je ƙauyenmu ya ce shi ne Abu, zani za a miƙo masa.

Ɗan_Yerwa:
Ku Hausawa kuna ta wahala. Mu a Borno mun gama magana tuntuni: Bukar. Gajere, mai nauyi, babu kwana-kwana. Bukar Abba Ibrahim, gwamnan farar hula na farko a Yobe. Bukar Dipcharima na Jamhuriya ta farko. Kuma tun da ana maganar Garba, ku tuna Shehun Borno da ya yi sarauta daga 1902 zuwa 1922, wanda a zamaninsa aka koma Yerwa a 1907, sunansa Abubakar Garbai, ana kuma ce masa Bukar Garbai. Shehun yanzu ma, tun 2009, Abubakar ne. Saboda haka ba Kano da Katsina kaɗai ke da hannu a Garba ba.

Bafulatanin_Gombe:
Ji bawana yana baki. Bukar ai sai ka ce an kife tukunya. Buba shi ne suna. Buba Yero da ya karɓo tuta a wurin Shehu Usmanu ya kafa masarautar Gombe, Abubakar ne. Yero ɗin kuma sunan jerin haihuwa ne irin namu, kamar Dikko da Sambo. Ka je ka tambayi kakanka wa ya koya masa shan nono.

Ɗan_Yerwa:
Kai Bafillace, wa ya ba ka waya? Koma ka duba shanu kada su shiga gonar mutane. Lokacin da muke rubutu a Ngazargamu kuna ina?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Wasan Barebari da Fulani ba mai shiga tsakani, amma a dawo kan magana.

'Yar_Maraɗi:
Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan Nijar matsalarmu ba faɗa ba ce, rubutu ne. A baki Abubakar muke cewa kamar ku, da Garba da Habu, Zabarmawa kuma su ce Bube. Amma a takarda rubutun Faransanci ake bi: Aboubacar, Boubacar, Aboubakar, Habou, Boubé. Ƙanena a takardar haihuwa Aboubacar ne. Da ya tafi karatu Najeriya aka rubuta masa Abubakar a makaranta. Da ya zo neman aiki sai aka ce mutum biyu ne, sai da ya yi takardar rantsuwa a kotu. Harafi biyu kacal suka tsayar da shi.

Ɗan_Kurmi:
@'Yar_Maraɗi wannan ko a cikin Najeriya muna fama da shi. Mahaifinmu Garba kowa ya sani, to yayanmu a firamare aka rubuta masa Garba a matsayin sunan uba, ni aka rubuta mini Abubakar, autanmu kuma Habu. Uwa ɗaya uba ɗaya, sunan uba uku. Da maganar gado ta taso a banki sai da muka kawo mai unguwa da shaidu. Ma'aikacin ɗan kudu ne, ya kasa gane yadda Garba zai zama Abubakar, kuma ban ga laifinsa ba.

Lauyan_Talakawa:
Shawara kyauta: a gida ku kira yaro duk abin da kuka ga dama, amma a takarda ku zaɓi rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, ku riƙe shi har katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun jarrabawa. Kwamfuta ba ta san inkiya ba. Kuma iyaye ku daina tura yaro rajistar makaranta da ɗan maƙwabta, shi ne ke faɗin sunan da ya saba ji a layi.

Sadiq_Jr:
Ni duk ba ruwana da Garba. Sunana Abubakar Sadiq, kuma Sadiq kowa ke kira na. Ya fi daɗi, ya fi zamani.

Ɗalibin_Nahawu:
@Sadiq_Jr ɗan'uwa, to kai ma ba ka tsira ba. Laƙabin Sayyidina Abubakar As-Siddiƙ ne, da shadda a kan dal, wato mai yawan gaskatawa. Ya same shi ne da Ƙuraishawa suka zo masa da labarin Isra'i suna dariya, ya ce in dai shi ya faɗa to gaskiya ne. Sadiƙ mai jan "sa" mai gaskiya ne, Sadiƙ mai jan "di" kuma aboki. Kalmomi uku ne daga tushe ɗaya. Tsofaffinmu da ke cewa Siddiƙu sun fi kusa da asali a kan Sadiq ɗin 'yan boko.

Sadiq_Jr:
Ko ma dai wanne ne, duka ukun masu kyau ne. Ba raƙumi a ciki.

Basakkwace:
Ba wanda ya ambaci Atiku, alhali shi ma nasa ne. Atiƙ laƙabi ne na Sayyidina Abubakar, ana fassara shi da 'yantacce daga wuta. Mu a Sakkwato mun riƙe shi. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu ya gaji ɗan'uwansa Muhammadu Bello a 1837, ya yi mulki zuwa 1842. Sai Abubakar Atiku na Raba a 1873. Sai Sarkin Musulmi Siddiƙ Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a gadon sarauta, 1938 zuwa 1988. Kun ga shi da Siddiƙ aka haɗa masa. Abubakar ɗin da ke cikin sunan Sarkin Musulmi Sa'ad kuwa na mahaifinsa ne, ba nasa ba.

Bakatsine77:
Ke nan Atiku Abubakar suna ɗaya ne aka maimaita? Kamar a ce Sanda Umaru?

Talaka_Bawan_Allah:
Shi ya sa yake ta maimaita takara.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Siyasa a kai ta wani zauren. Gargaɗi na farko.

Basakkwace:
@Bakatsine77 ba lallai maimaici ba ne, tun da na biyun kan zama sunan uba. Uba Abubakar zai iya sa wa ɗansa Atiku. Amma Umaru Sanda da Usman Shehu da Abubakar Garba duk za ka same su a mutum ɗaya, suna da inkiyarsa a jere.

Abu_Sumayya:
Har yanzu ba a taɓa maganar furuci ba. A Larabci Abuu Bakr ne: a ja "bu", a tsaya a kan kaf da sukun, ba wasali tsakaninta da ra. Mu kuwa mun ce A-bu-ba-kar, Kanawa ma har sun haɗiye shi ya koma Abbakar. Tun da mun san daidai, me zai hana mu gyara?

Malamar_Hausa:
Ustaz, gyaran me? Harshen Hausa ba ya ƙare kalma da baƙi biyu a jere, dole ya cusa wasali. Haka ya yi wa fajr ta zama alfijir, Badr ta zama Badar, Misr ta zama Masar. Kai kanka yaƙin Badar kake cewa a wa'azi. Su Larabawan ma a hirarsu ta yau da kullum da yawa Bakir ko Bakar suke cewa. In kana karanta littafin Larabci ka karanta yadda aka rubuta, har ka bi i'irabi: Abu Bakr, Aba Bakr, Abi Bakr, kamar yadda ake cewa A'isha bintu Abi Bakr. Amma in kana kiran maƙwabcinka da Hausa, Abubakar ne sunansa. Da Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam da Malam Abubakar Gumi duk haka aka kira su, na ƙarshen nan kuwa ba wanda zai koya masa Larabci, shi ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa.

Abu_Sumayya:
Malama na ji na Badar. Amma Abbakar fa? Wannan ai kasala ce.

Ɗan_Kurmi:
Ustaz a bar Kanawa su huta. Muna sauri ne, kasuwa na jira.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ku zo nan ku ji iri-iri. Mu a zango Abubakar ko Garba, Dagombawa su ce Abukari ko Bukari. Na yi zama a Legas, Yarbawa Bakare suke cewa, har akwai fitaccen fasto Tunde Bakare wanda gidan Musulmi aka haife shi. 'Yan Mali da ke zuwa fatauci Bakari da Bubakar, tsohon shugabansu ma Ibrahim Bubakar Keita ne. Senegal kuma Babakar.

Takari_Na_Omdurman:
A Sudan Babikir ne, kuma suna ne da ya cika gari. Mutanen Darfur da Chadi su ce Abbakar, daidai irin na Kanawan da Ustaz ke ƙorafi a kai, ga shi kuwa da yawansu da Larabci suka tashi. Turkawa kuma Ebubekir ko Bekir. Kowa da bakinsa.

Ɗan_Garwa:
Kamaru ma a sa mu a lissafi. Vincent Aboubakar, ɗan Garwa, shi ya ci ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2017 a kan Masar, ya kuma ci Brazil a 2022. Ga Vincent ga Abubakar a mutum ɗaya.

Lauyan_Talakawa:
Irin wannan akwai a Najeriya. Janar Joseph Garba ɗan Langtang, wanda ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, Kirista ne. A Filato da kudancin Kaduna da Taraba za ka samu Garba da Habu da Buba a gidajen da ba Musulmi ba, zaman tare ya kai sunan. Wani ma bai san yana da alaƙa da Abubakar ba, kuma a wurinsa ba shi da ita. Saboda haka ba kowane Garba za ka rubuta wa Abubakar a takarda ba, ka tambaya tukuna.

Inna_Ta_Zazzau:
Ni abin da ke damuna daban ne. Ku duba ajin 'yan firamare yanzu, ku nemo mini yaro ɗaya da ake kira Garba. Babu. Duk sun koma Sadiq da Khalifa da Walid. Garba ya zama sunan tsoho, sunan direba da mai gadi a wasan kwaikwayo. Habu ma yana bin sa. Jikokina dariya suke yi in na ce Garba, wai sunan ƙauye. Sunan da gwamna ya ɗauka, Garba Nadama na Sakkwato, shi ne yau na ƙauye?

Sadiq_Jr:
Inna a yi haƙuri, amma gaskiya ko ni aka ce mini Garba ba zan waiwaya ba.

Inna_Ta_Zazzau:
Za ka waiwaya, ɗan nan. Bari ka yi furfura ka gani ko akwai mai ce maka Junior.

Ummu_Hanan:
Ni dai har yanzu raƙumin nan bai kwanta mini ba. @Malam_NaZaure ba wata fassarar? Na ga an rubuta wai daga sammako ne, saboda ya riga kowa karɓar Musulunci.

Malam_NaZaure:
Hajiya, tushen baƙaƙen ɗaya ne da bukra, wato sassafe, shi ya sa wasu ke kawo wannan. Amma kalmar bakr ita kanta raƙumin take nufi, kuma kada ki auna da idonmu. A wurin Balaraben wancan zamani saurayin raƙumi dukiya ce da ƙarfi, ba abin raini ba ne. Mu ma ai muna yi wa namiji kirari da bajimi da giwa da zaki, ba wanda ya ce an zage shi.

Abu_Sumayya:
A kan ma'ana ba mu da saɓani da Malam. A kan Garba ne ban gamsu ba, kuma har yanzu ba wanda ya kawo mini inda aka gutsuro shi.

Bafulatanin_Gombe:
Ustaz ka tambayi Ɗan_Yerwa, tun da ya ce da hannunsu a ciki. In an bincika za a tarar wurinmu suka ara ba su mayar ba.

Ɗan_Yerwa:
Wanda bai da gida me zai ba da aro?

'Yar_Maraɗi:
@Lauyan_Talakawa don Allah tambaya: wanda takardunsa suka riga suka rabu, wasu Aboubacar wasu Abubakar, wanne ya kamata ya bi, na takardar haihuwa ko na fasfo?